Matar da Ta Hana Mu Riƙe Auta

Kafin masu shara su gama da barandar asibitin ta riga ta buɗe ɗakinta. Ɗakin motsa jiki ne da ke can ƙuryar ginin, bayan ɗakin ɗaukar hoto, inda baƙo sai ya yi ta tambaya kafin ya gane hanya. Tana shiga za ta wangale tagogi, ta kunna fankoki, ta cika kula da ruwan sanyi. Sai ta bi dogayen ƙarafan nan biyu da majinyata ke tafiya a tsakaninsu tana girgiza su, ko wata ƙusa ta saki. Ta durƙusa ta duba farin layin da ta manna a ƙasa daga bango zuwa bango, in gefensa ya ɗaga ta danne shi da babban yatsa. Daga nan ta ja wani dogon benci ta kai shi jikin ƙofa, nesa da komai. Bencin 'yan rakiya ke nan, kuma a kansa na yi zaman da ban taɓa yin mai cin rai irinsa ba.

Ma'aikaciyar gashin ƙashi ce. Mu dai Anti Sake muke ce mata, mu da majinyata har da masu gadi, don kalmar da ta fi yawa a bakinta ke nan. Ka yi kuskure, sake. Ka yi daidai, sake. Ba ta san madalla ba, ba ta san ka yi ƙoƙari ba. A watan nan ta yi ritaya, kuma iyakar abin da asibitin ya iya yi mata shi ne lemo da biskit a ɗakin hutun ma'aikata, da jawabin wani babba da ya ce ta yi shekaru tana yi wa jama'a tausa. Tausa fa. Ina wurin, na ga ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan, duk da cewa a cikin mutanen da na sani babu wanda ya kai matar nan iya ɓata mini rai.

Ƙanwata Auta ce ta haɗa mu. Malamar firamare ce, 'yan aji biyu take koyarwa, irin yaran da in ka juya baya za ka tarar da ɗaya a ƙarƙashin tebur. Ciwon ya fara mata da ƙafar hagu da ke jan ƙasa, sai jiri, sai wata irin gajiya da barci ba ya maganinta. Bayan mun sha yawon asibitoci, likitan jijiya ya ce em-es ne. Yadda ya yi mana bayani, garkuwar jikin mutum ce ke juyowa tana cin rufin jijiyoyinsa, kamar wayar wuta da ɓera ya ɓare, sai saƙon da ƙwaƙwalwa ta aika wa ƙafa ya riƙa makara a hanya. Akwai magani mai rage tashinsa, amma babu mai raba mutum da shi. Wata rana ta faɗi a gaban allo da alli a hannunta, yara suka fashe da kuka. Hedimasta ya ba ta hutu, ya ce zai riƙe mata ajin zuwa dawowar sabon zango. In ta iya, ajinta ne. In ba ta iya ba, dole ya ba wani. Ban ga laifinsa ba, yaran mutane ne a hannunsa.

Mu kuwa a gida mun riga mun yanke hukunci. Mama ta gyara mata ɗakin da ke kusa da nata. Ruwa a kawo mata, abinci a kawo mata, banɗaki a raka ta. Da ta motsa za ta tashi, hannuwa sun kai mata ta ko'ina. Ni ne babban wanta, ni ne mai mota, don haka ni ke kai ta asibiti, kuma daga ƙofar mota har inda za mu hannunta na cikin nawa. A wurinmu maganar aji ta wuce. Auta ce kaɗai ba ta yarda ta wuce ba, kullum sai ta tambaya ko an ajiye mata jakar littattafanta inda ruwa ba zai taɓa ba.

Ranar da likita ya tura mu ɗakin Anti, na shiga da Auta a riƙe ina ta faɗin a hankali, a hankali. Anti ta dube mu daga sama har ƙasa.

"Wane ne mara lafiyar a cikinku?"

"Ƙanwata ce, Anti."

"To kai me kake yi a jikinta?"

Na ce riƙe ta nake kada ta faɗi. Ta nuna mini bencin da haɓa.

"Yaya, ga wurinka can. Ka zauna ka sa hannuwanka a ƙarƙashin cinyarka. In ka ji sannu na cin ka, ka fita baranda ka faɗa wa bango."

Ni da furfurata, uban yara, aka zaunar da ni a kan hannuwana. Ta juya wurin Auta ta tambaye ta me take so ta koma yi. Auta ta ce ajinta. Na yi gyaran murya daga benci don in yi bayanin yadda muka tsara a gida, Anti ta ce ba ni ta tambaya ba, ko juyowa ba ta yi ba.

Na ɗauka tafiya za a fara koya mata. Sai na ga an shimfiɗa katifa a ƙasa. Anti ta ɗaura mata wata ɗamara mai faɗi a ƙugu, ta sauke ta a hankali har ta kwanta rigingine, sannan ta saki.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, za ki sake faɗuwa," in ji ta. "Abin da nake so shi ne in kin faɗi kada ki jira kowa. Mirgina ta gefenki. Yauwa. Dafa da hannu biyu. Yanzu rarrafa zuwa kujerar can."

Ƙanwata, malamar makaranta, tana rarrafe a gaban mutane, gumi da hawaye sun haɗe mata a fuska. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Hannunka, Yaya."

Na koma na zauna ina huci. Daga nan ne na lura da abin da har yau in na rufe ido nake gani. Anti na biye da ita a sunkuye, hannunta a bayan ɗamarar, tsakaninsa da ita bai fi faɗin tafin hannu ba. Bai taɓa ta ba, bai kuma yi nisa ba. Auta ta dafa kujera, ta sa ƙafar dama gaba kamar yadda aka ce mata, ta yunƙura, ta koma, ta sake yunƙurawa, da ƙyar ta samu ta zauna. Na saurara in ji ko za a yabe ta.

"Sha ruwa," in ji Anti. "Ki huta sosai. Sai ki sake."

A mota na rantse ba za mu ƙara taka ɗakin matar nan ba. Na ce wannan ai wulaƙanci ne, mutum ya zo neman lafiya a kwantar da shi a ƙasa. Auta na kallon taga, ta bari na gama kumfar bakina tsaf, sannan ta ce, "Jibi da safe ta ce mu dawo."

Haka muka yi ta zuwa. Tashi daga kujera ba tare da dafawa ba. Tsayuwa a kan soso mai laushi, ido buɗe, daga baya ido rufe a kusurwar bango. Tafiya a kan farin layin, diddige na taɓa yatsu. "Ɗago kanki, ƙasa ba inda za ta je." Tsakanin kowane abu da na gaba akwai hutu a gaban fanka da kofin ruwan sanyi, kuma hutun ma dole ne, in Auta ta ce ba ta gaji ba sai a ce mata ba a tambaye ta ba. Ni kuma ina benci. Na san duk tsagar da ke jikin bencin nan.

Ba Auta kaɗai take yi wa haka ba. Akwai wani mai aski da ke zuwa a ranakunmu, shi ma ciwon ne, burinsa ya iya tsayuwa a bayan kujera har ya gama kai ɗaya. Shi ya ba ni labarin cewa Anti ta taɓa zuwa shagonsa bayan ta tashi aiki, ta auna tsayin kujerarsa, ta sa aka kafa masa ƙarfe a bango inda zai riƙa jingina ƙugu. Da ya ce bari ya kawo mata lemo, ta ce ya je ya ɗauko da kansa ta ga tafiyarsa, ya kawo ta ce ba ta sha. Mai gadin ƙofa kuma ya ce shekara da shekaru bai taɓa ganin ta wuce wani mai sanda a harabar ba tare da ta tsaya ta gyara masa tsawon sandar ba, ko ya so ko bai so ba.

Mu ma zuwan gidan bai bar mu ba. Anti ta lura cewa wasu ranakun Auta na zuwa da ƙafafu a sake, abin da ta iya shekaranjiya yau ya gagare ta. Ta yi ta tambaya har ta gano dalili. Mama ce ke tashi da sassafe ta dafa ruwa, ta gasa mata ƙafafun da tawul mai zafi don su saki kafin a tafi asibiti, kamar yadda take yi mana tun muna yara in mun gurɗe. Da yamma sai ga Anti a ƙofar gidanmu, babu wanda ya gayyace ta. Ta gaisa da Mama har ƙasa, sannan ta tashi ta shiga aiki. Ta naɗe kafet ɗin tsakar falo ta jingine a bango. Ta ɗauki silifas ɗin Auta da yatsa biyu ta ce wannan tarko ne, a nemo takalmi mai rufe diddige. Ta ɗauke butar shayi da kofin da ke gefen gado ta mayar da su kicin.

"Mama, ruwan zafin nan a daina. Masu wannan ciwon zafi kashe musu jiki yake yi."

Mama ta dubi kafet ɗinta. Can ta ce, "Baiwar Allah, kin hana a riƙe ta, kin hana a kawo mata ruwa, yanzu kuma kin hana gashi. To ni me zan yi mata? Ni na haife ta. In zauna in zuba mata ido?"

Na yi zaton yau dai an samu mai sa Anti ta ji kunya. Ta zauna kusa da Mama a bakin gado, ta sassauta murya.

"Akwai aikin da babu mai iya shi sai ke. Kullum da safe ki haɗa shayinta, ki tsaya da shi a ƙarshen baranda, ki kira ta. Kada ki matso. Ni in na kira ta don tsoro take zuwa, ke in kika kira ta za ta zo ko ba ta so."

Wannan shawarar ce ta jawo mana bala'i na biyu. Cikin ɗan lokaci Mama ta fi Anti tsanani. Ka shigo gidan da safe ka tarar da tsohuwa a ƙarshen baranda da kofi tana cewa, "Ɗago kanki, Auta, ƙasa ba inda za ta je." Ni kuwa in na miƙa hannu zan taimaka, uwata da ta haife ni ce ke ce mini hannunka.

Anti, ke ce kika shiga gidan mutane kika naɗe musu kafet. Ke ce kika raba uwa da tawul ɗinta, kika mai da babban wa ɗan zaman benci. Har yau ina nan a kan bakana cewa da kin yi duk wannan da ɗan murmushi, babu abin da zai ragu a jikinki. Amma ke ce kuma kaɗai kika tambayi Auta abin da take so. Mu da muke ƙaunarta, babu wanda ya tambaye ta.

Ana cikin haka ciwon ya tashi. Auta ta wayi gari ƙafar hagu ba ta jin umarni ko kaɗan, idonta ɗaya na gani dishi-dishi. Na je wurin Anti da fushina, na ce ga abin da wahalar da take ba ta ta jawo. Ba ta yi musu da ni ba, ba ta kuma ba ni haƙuri ba. Ta ce ciwon haka yake, yana lafawa yana tashi, mu kai ta wurin likita yau ba gobe ba. Da aka gama allurai Auta ta dawo, kusan duk abin da aka gina ya zube. Na zaci Anti za ta matsa mata. Sai ta koma da ita farko, a zaune a bakin gado, ɗaga gwiwa, sauke gwiwa. Ta kuma kawo mata sanda. A nan ne su biyun suka yi faɗansu na farko, don Auta ta ce ita ba za ta shiga aji da sanda kamar kakar yaran ba.

"To zauna a gida da kyanki," in ji Anti. "Sandar za su kalla na ɗan lokaci su manta. Ajin kike so ko a ce ba ki da ciwo?"

Auta ta karɓi sandar tana harararta. Na ji daɗi a raina, ashe ba ni kaɗai ake yi wa ba.

Da sabon zango ya matso, Anti ta samo wani tsohon allo ta rataye a ɗakin. Ta jera kujeru da jakunkuna a ƙasa, ta ce aji ba fili ba ne, akwai abin tuntuɓe ko'ina. Auta za ta tsaya tana rubutu, mai aski zai kira ta daga baya, ta juyo ta amsa ba tare da ta yi tangaɗi ba. A ranar ne kawai aka tashe ni daga benci, don a mai da ni ɗan aji biyu. Aikina in yar da alli a ƙasa, in ce Malama allina ya faɗi. Na yar, ta sunkuya ta ɗauka, Anti ta ce sake. Na yi ta yar da alli ranar har na fara jin haushin yaran da ban taɓa gani ba.

Ranar komawa makaranta na sauke ta a bakin ƙofa. Ta rataya jakar littattafanta, ta riƙe sandarta, ta keta harabar a hankali, kanta a ɗage. Ina biye da ita daga nesa, hannuwana a aljihu. Hedimasta na tsaye a baranda, ya yi mata barka da dawowa, amma idonsa na kan ƙafarta. Ta shiga aji, mu biyu muka tsaya a ƙofa.

Duk shirin da Anti ta yi, akwai abin da ba ta shirya ba. Yaran na ganinta suka taso gaba ɗaya da gudu suna oyoyo, suka rungume ta ta gaba da ta gefe. Sandar ta suɓuce. Auta ta tafi ƙasa a gaban allon nan, daidai inda ta faɗi a da. Ajin ya yi tsit, wasu har sun fara taɓe baki. Hedimasta ya zabura zai shiga, sai na ga hannuna a ƙirjinsa, na kuma ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, hannunka."

Ya dube ni kamar na zautu. Ni ma ban tabbata ban zautu ba.

"Kowa ya koma wurinsa," in ji Auta daga ƙasa, da muryarta ta aji. "Babu mai kuka. Ku kalla ku ga yadda ake tashi."

Ta mirgina ta gefe. Ta dafa da hannu biyu. Ta rarrafa zuwa teburinta, ta sa ƙafar dama gaba, ta yunƙura. Ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta, ta sa aka miƙo mata sandarta. Wata 'yar mitsitsiya a layin gaba ta tafa hannu ta ce, "Malama, sake yi." Ajin ya ɓarke da dariya, har da Malamar. Hedimasta ya daɗe a tsaye, sannan ya cire hannuna daga ƙirjinsa, ya ce wa masinja a kawo kujera mai hannu a ajiye mata kusa da allo, a kuma duba fankar ajin. Ya koma ofishinsa. Ni na koma mota na kifa kaina a sitiyari.

Da na kai wa Anti labari ina jiran in ga ta yi murna, tambayar da ta yi mini ita ce wace ƙafa ta fara sawa gaba. Na ce ta dama. Ta ce to.

Ciwon Auta na nan, ba inda ya je. Akwai ranakun da ba ta iya fita, kuma babu wanda ya san yadda zai kasance nan gaba. Amma ajin nata ne. Ku matasan da kuka gaji ɗakin nan, ku riƙa girgiza ƙarafan da safe, ku tambayi majinyaci abin da yake so ya koma yi, kuma kada ku matso da bencin. Ku kuma 'yan'uwana masu jinya, na san yadda hannu ke ƙaiƙayi, na fi kowa sani. Ku tsaya kusa, amma ku bari a gwada. Anti Sake, mai hannu kusa da ba ya taɓawa, mun gode. Mama ta gode, ko da yake ta ce in tuna miki kafet ɗinta har yau yana jingine. Allah Ya ba ki lafiyar cin hutunki, Ya sa ki samu mai yi miki abin da kika yi wa mutane, da ɗan sauƙi.

Ranar lemo da biskit ɗin, da aka watse, na tarar da ita a baranda ta rungumi kwalin tarkacenta. Na miƙa hannu zan karɓa, ta dube ni, na mayar da shi aljihu da kaina. Muka jera zuwa bakin ƙofa. Ta waiga bayana, ta sake waigawa.

"Ina Auta? Ban gan ta ba."

"Ta ce a ba ki haƙuri, Anti. Tana aji."

Ta tsaya cak da kwalin a ƙirjinta.

"Madalla," in ji ta.